Jawabi A Kan Iban Ilic Da Abin Da Ya Bari A Bayansa

  

An nemi in yi magana yau a kan wani Bature, malamin coci na Katolika, irin waɗanda ake kira Fada. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan mai allo da Fada? To ku yi haƙuri ku ji. Ni ban shiga makarantar boko ba. Wani ƙanena ne, malamin makaranta, ya riƙa karanta mini littattafan mutumin nan yana juya su da Hausa, kullum bayan isha'i, har damina guda ta wuce. Abin da na riƙe shi zan faɗa muku.

Sunansa Iban Ilic, Turawa suna rubuta shi Ivan Illich. An haife shi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya cikin shekarar 1926. Uwarsa tana da asali da Yahudawa, saboda haka a zamanin Hitila suka gudu zuwa Italiya. Ya yi karatu a Rum, aka naɗa shi Fada a 1951, ya tafi birnin Niyok na Amurka ya zauna cikin talakawa baƙi waɗanda suka zo daga tsibirin Fotoriko. A 1956 aka kai shi tsibirin nan aka ba shi mataimakin shugaban jami'ar Katolika. Can ne ya ga abin da ya tsaya masa a rai har mutuwarsa.

Ga abin da ya gani. Hukuma ta wajabta makaranta a kan kowane yaro, ta kashe dukiya mai yawa, amma yaran talakawa da yawa ba su kai ƙarshenta. Wanda ya fita a tsakiya, ba ilmi kaɗai ya rasa ba, ya fito da wani sabon ciwo wanda kakansa bai san shi ba, shi ne ya yarda a zuciyarsa cewa shi ƙasƙantacce ne kuma laifinsa ne. Kakan nan manomi ne, ya san ƙasa, ya san ruwa, ba wanda ya ce da shi ya faɗi. Jikan kuwa an ba shi shaidar faɗuwa. Wannan shi ne tushen littafinsa na 1971 mai suna Deschooling Society, ma'anarsa raba jama'a da tilascin makaranta. Hujjarsa ita ce, mutane sun rikita abu biyu, neman ilmi da zaman aji, sani da takardar shaida, har suka ɗauka ba a koyon kome sai a hannun mai albashi cikin ɗaki mai ƙararrawa.

Da aka karanta mini wannan sai na ce wa ƙanena, tsaya. Na tuna wata rana da na je wani ofis neman takarda. Akawu ya tambaye ni iyakar karatuna. Na ce na haddace Alƙur'ani ina ɗan shekara goma sha bakwai, na rubuta shi da ka sau biyu, na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, na shiga Muhtasar. Ya saurara da ladabi, yana cewa Allah ya gafarta malam, sa'an nan ya sa alƙalami a gurbin da aka rubuta babu. Ban zarge shi ba, takardar ba ta da gurbina. Amma na dawo gida ina jin kunya, alhali ban san abin da na yi na kunya ba. Mutumin Biyana ne ya gaya mini sunan ciwon.

To ku sani, ba makaranta kaɗai ya duba ba. Bayan ya bar tsibirin nan ya kafa wata cibiya a garin Kwarnabaka na ƙasar Meziko, masana daga ƙasashe suna zuwa ana muhawara. Fadar Paparoma ta kira shi Rum a 1968 ta tuhume shi, a 1969 ya ajiye aikin coci, ko da yake bai bar addininsa ba. Daga wannan cibiya littattafansa suka fito bi da bi, kuma mas'alarsu guda ce: kowace dabara tana da miƙdari, in ta wuce shi sai ta juya ta ci abin da aka yi ta dominsa. Ya kawo misalin mota. Ya lissafa sa'o'in da Ba'amurke yake kashewa a shekara saboda motarsa, da na tuƙi, da na tsayuwa cikin cunkoso, da na aikin neman kuɗin saye da mai da gyara da haraji, suka kama awa 1,600. Tafiyar kuwa mil 7,500. In ka raba, bai kai mil biyar a awa ba. Da ƙanena ya kai nan sai na ce, ai jakin kirki ba ya nesa da haka.

Kuma akwai abin da ya fi asarar lokaci muni a wurinsa. In aka gina gari domin mai mota, kasuwa ta yi nisa, wurin aiki ya yi nisa, mai ƙafa ya zama kamar gurgu alhali ƙafarsa lafiya lau. Ba a hana shi tafiya ba, an dai sa tafiyarsa ba ta kai shi ko'ina. Haka ya faɗa game da asibiti cikin littafinsa Medical Nemesis na 1975. Ya ce cutar da magani ke jawowa hawa uku ce. Akwai wadda ke fitowa daga kuskuren likita da ƙwaya. Akwai mayar da haihuwa da tsufa da baƙin ciki su zama cuta mai neman gado a asibiti. Ta uku ita ce ta fi damunsa, mutane su manta yadda ake haƙuri da ciwo, da yadda ake jinya a gida, da yadda ake mutuwa cikin dangi.

Yanzu me ya bari? Ta fuskar hukumomi, kusan ba wanda ya bi shi. A shekarar 1976 ya rufe cibiyarsa da hannunsa, kuma a shekarar nan ce Nijeriya ta fara shirin firamare kyauta ga kowa da ake kira UPE. Duniya ta nufi inda ya ce kada a nufa, aka daina ambatonsa shekaru da yawa. Amma maganarsa ta ɓulla ta wasu kafofi. Masu koyar da 'ya'yansu a gida a Amurka sun sha daga gare shi. Likitocin Ingila kansu, cikin jaridarsu BMJ, sun keɓe fitowa guda a 2002 suna tambaya ko magani ya yi yawa. Ya kuma kawo shawarar a yi hanyar da mai son koyon abu zai sami wanda ya iya, ba aji ba jarrabawa, irin yadda ɗalibi yake ɗaukar littafinsa ya nufi zauren malamin da ya san fannin. Wasu sun ce intanet ta cika wannan buri. Ni ina ganin rabi ta cika, domin wayar da ta buɗe ƙofar ilmi ita ce yau wanda ba shi da ita ba ya iya karɓar kuɗinsa ko yin rajista. Ta bi sawun mota.

Sai dai kada wani ya tashi daga nan ya ce malam ya ce a bar boko a bar asibiti. Ban ce ba. Mai ɗakina ta taɓa yin doguwar naƙuda, kwana biyu, da ba a yi mata aiki ba da ita da ɗan ba na tsammanin sun kwana, sai ikon Allah. Agana da ta ɓata fuskokin kakanninmu lamba ce ta kawar da ita, aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Shi kansa Ilic bai musa amfanin rigakafi da ruwa mai tsabta ba. Kuma ku lura, mai zagin takardar shaida yana da digirin dakta a aljihunsa, yana jin harsuna da yawa, ƙofofin jami'o'i a buɗe gare shi. Ɗan talaka in ya yar da takarda, ba mai gayyatarsa Jamus ya karantar.

Abin da ya kamata mu yi da ma'auninsa shi ne mu fara auna kanmu. Malami guda ya tara yara ɗari waɗanda ba ya iya ciyarwa, rana ta ƙare a bara, allo bai sha tawada ba, wannan tsangaya ta wuce miƙdarinta, ta ci abin da aka kafa ta dominsa. A ɗaya gefen kuma Islamiyyunmu sun ari rigar boko har da hularta: kuɗin zango, yunifom, satifiket, da walimar sauka wadda uba ke cin bashi dominta. Na ga yaron da aka yi wa rawani aka ba shi takarda, na ja masa baƙi daga tsakiyar Baƙara, ya kasa ɗauka. Na kuma ga wanda ya iya, aka hana shi sauka domin ubansa bai biya ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya koma nazarin tarihi. Cikin 1993 ya fitar da littafi a kan wani malamin zuhudu na birnin Faris mai suna Hugu, wanda ya yi zamani wajen shekara ɗari tara da suka wuce. Ya nuna cewa a lokacin nan Turawa ma da baki suke karatu, suna motsa leɓe suna rausaya jiki, kunne yana jin abin da ido ya gani, kafin karatu ya koma na shiru. Da ƙanena ya karanta wannan sai muka yi dariya, domin almajiraina suna waje gaban wuta suna yin daidai abin da Baturen yake kuka ya ɓace.

Wani ƙari ya fito masa a gefen fuska, ya ɗauke shi wajen shekara ashirin, ya ƙi a yanke, yana rage zafinsa da ofiyom da wasu dabaru, yana ci gaba da karantarwa. Ni da shi ne da na je an yanke. Ya mutu a birnin Biremen na Jamus ranar 2 ga Disamba 2002, yana da shekara 76.

Nan na tsaya. Mai tambaya ya miƙe ya yi kafin a kira magariba. Wassalam.