Maganin da aka samo daga ƙarfe

  

Ba a koya wa mutumin Riruwai darajar abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuza ta riƙe gidaje a nan tun zamanin Turawa. To, akwai wani farin ƙarfe mai tsada, filatinam, wanda akasarinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙowa. A 1965 wani masani a Amurka, Barnett Rosenberg, ya lura cewa sinadarin wannan ƙarfe yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. Ta nan aka samo maganin cisplatin, aka amince da shi a 1978. Har gobe shi da ƙanensa carboplatin suna cikin manyan magungunan sankarar huhu. Sai dai cisplatin yana da nauyi: ga amai, ga taɓa ƙoda da ji, wani lokaci kuma cutar ta saba da shi ta daina jin sa. Shi ya sa ake ta haɗa sababbi.

Amma a kan wa ake fara gwada su? A kan ƙwayoyin sankara da ake kiwo cikin ɗan faranti. Akwai waɗanda aka ciro daga huhun wani mutum mai shekara 58 tun 1972, har yau ana renon su. A ɗiga magani, a bar shi kwana biyu ko uku, a duba nawa suka mutu. Jama'a, ko ruwan batir ka zuba a farantin nan za su mutu, wa zai sha ruwan batir? Daga faranti sai ɓeraye, sannan mutane, shekaru ana bibiya, kuma mafi yawa a hanya suke faɗuwa. Don haka in an turo muku a WhatsApp wai an gano sabon magani, ko mai lasifika ya ɗaga kwalba ranar kasuwa, kada a sayar da akuya.

Abin da ke hannunmu shi ne huhunmu. Taba ce kan gaba wajen jawo sankarar huhu, ƙurar dutse ma na jawo ta, balle a haɗa su. Samari masu shiga rami da masu fasa dutse, a yayyafa ruwa, a rufe hanci da baki.

Tarin da ya kai mako biyu, ko majina da jini, ko rama ba dalili, a je asibitin gwamnati a gwada tarin fuka, kyauta ne. In an sha magani bai lafa ba, a nemi takardar zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Shika. Iyaye mata, ku ne kuke jin tarin maigida da dare. Ku matsa masa ya je.