Jawabin mushen lakwal wurin taron ƙungiya: zahi da maganin lamba

 

Maganarmu ta yau bisa maganin lamba ta, wanda aka yi ma yara don ƙyanda, shan inna da sanƙarau. Maganin ga ba ya son zahi. Dole a aje shi cikin sanyi, tsakanin digire 2 da 8, tun daga Yamai har likitar garinmu. Daga Yamai zuwa Maraɗi kilometa sun wuce 600, zuwa Damagaram kusan 900. Daga can sai majo ya ɗaura akwatin ƙanƙara bayan moto, ya shiga daji.

To, kun dai ga yadda duniya ta sake. Hayaƙin man hetur da gawayin ƙasa da duniya taka ƙonawa shi na ka riƙe zahi sama. Cikin Afrilu 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digire 48 da rabi. Damanar shekarar kuma ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai. In zahi ya ƙaru, ƙanƙara na narkewa da wuri. In hanya ta yanke, mota na kwana da magani cikinta. Maganin da ya sha zahi kuwa, ko an yi ma yaro, kariyarshi ta rage, uwa na zaton ɗanta ya tsira.

Akwai dabaru. Bisa kwalba ana manna wata ƴar alama: in tsakiyarta ta yi duhu kamar kewayenta, majo ya yar da kwalbar. A 2012 an yarda maganin sanƙarau MenAfriVac ya yi kwana 4 waje da firijida, in zahi bai wuce digire 40 ba. Amma bazararmu ta saba wuce haka.

Ga namu aikin. Ranar lamba, mata su hito da yara da sassahe, don maganin ƙyanda in an dama shi, bayan awa 6 zubarwa aka yi. Samari su kahwa rumhwa, akwatin ya zauna inuwa. A riƙa goge ƙura bisa faifan hasken rana na likita. In gulbi ya cika, masu amalanke su tarbo majo. Ƴan ci-rani, abin da kunka sa cikin asusun ƙungiya, mu ware kaɗan don man moto.

Allah shi ba yaranmu lahiya.