Jawabi Ga Hakimai Da Magatakarda A Kan Tsarin Takardun Sanarwa



Dukanku kun san rijiyar Kusugu ta nan Daura, inda aka ce Bayajidda ya kashe macijiya. Kome yawan ruwanta, guga ba ya ɗebowa sai daidai cikinsa. To, hankalin ɗan Adam haka yake. In kuka cika takarda da magana, mai karatu zai riƙe kaɗan, saura ya zube. Ta haka manomi kan rasa ranar rabon taki, uwa ta rasa ranar rigakafi.

Masanan halin tunani sun bincika wannan, masu tsara wayoyin hannu kuwa da bincikensu suke aiki. Ga ka'idodi uku.

Ta farko, a rage kaya. A 1956 wani masani na Amurka, George Miller, ya nuna mutum kan riƙe abu wajen bakwai a lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Saboda haka lambar waya mai alƙaluma 11 ta fi riƙuwa in an gutsura ta uku. Kada umurnin sanarwa ya wuce huɗu.

Ta biyu, ido yakan ɗauki abubuwan da ke kurkusa da juna a kan 'yan gida ɗaya ne. Max Wertheimer na Jamus ya bayyana wannan a 1923. Watau rana da wuri da lokaci su zauna tare a saman takarda, kada a warwatsa su.

Ta uku, gane abu ya fi tuno shi sauƙi. Shi ya sa ake buga alamar jam'iyya a ƙuri'a. A 2007 da aka fitar da sababbin takardun naira 5, 10, 20 da 50 babu ajami, mutane da yawa sun koka, gama an ɗauke musu abin da idonsu ya saba da shi. Inda jama'arku suka fi sanin ajami, a haɗa shi da boko.

Kafin ku lika sanarwa, ku kira dattijo guda daga kasuwa, a karanta masa sau ɗaya, sa'an nan ya maimaita. In ya kasa, lalle laifin takarda ne, sai a sake ta.

Allah ya ja zamanin Sarki. Wassalamu.