Launi da Asali a Filin Wasa: Abin da Wani Ɗalibi Ɗan Zagga Ya Tsinta a Littattafan Ƙwallon Amurka



GABATARWA

Masu iya magana sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani wasa da ba a saba yin sa a ƙasar Hausa ba, watau ƙwallon Amurka, da kuma yadda wasu littattafai huɗu suka shiga zuciyar wani ɗalibin tarihi ɗan ƙasar Zagga. An ba shi su ne a darasin tarihin baƙar fatar Amurka, aka ce ya karanta ya rubuta abin da ya fahimta. Za a bi sawun tunaninsa daki-daki, domin ya fara da mamaki, ya shiga fushi, ya yi alfahari da gida, daga bisani kuma jikinsa ya yi sanyi.

ƘASAR DA ƊALIBIN YA FITO

Zagga tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, a Masarautar Gwandu, cikin Jihar Kabi wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991. Kogin Kwara ya ratsa yankin, ga noman shinkafa, ga su, ga kiwo. Daga Lolo ko Tsamiya sai mutum ya faɗa Jamhuriyar Benin, kuma wannan iyaka ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu biyu. A kasuwannin yankin Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme da Dandawa da Kyangawa suna cuɗanya, kowa da harshensa, kowa da tsagarsa. Saboda haka ɗalibin ya tashi yana sanin bambancin ƙabila da na sana'a, amma bai taɓa ɗaukar kansa a matsayin baƙar fata ba, tun da duk wanda ya sani baƙi ne, sai dai wani ya fi wani haske.

YADDA WASAN YAKE

Ƙwallon Amurka ɗan'uwan zari-ruga ne. Mutum goma sha ɗaya ke karawa da goma sha ɗaya, da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da ita, kuma kowane ɗan wasa yana sanye da kwalkwali da wani abu mai kama da lifidi, saboda tsananin gware da ake yi. Akwai ɗan wasa guda wanda shi ke karɓar ƙwallo da farko, ya ba da umarni, ya zaɓi wanda zai jefa wa. Za a kira shi madugu a nan, domin shi ne idon ayari.

An kafa babbar ƙungiyar wasan, wadda aka sani da NFL, a 1920, kuma tun farko akwai baƙar fata a ciki, har ma Fritz Pollard ya zama mai horarwa a 1921. Amma daga 1934 zuwa 1945 ba a ga baƙar fata ko ɗaya a fili ba, alhali kuwa ba wata doka aka rubuta ba; masu ƙungiyoyi ne suka daina ɗaukarsu. Sai a 1946 Kenny Washington da Woody Strode suka shiga ƙungiyar Los Angeles Rams. Ƙungiyar birnin Washington kuwa ba ta ɗauki baƙar fata ba sai a 1962, bayan da gwamnatin Shugaba Kennedy ta matsa mata lamba a kan filin da take wasa. Matsayin madugu ma an daɗe ana hana su, bisa zaton cewa ƙarfi ne nasu, basira kuwa ta Bature ce. Sai a Janairun 1988 Doug Williams ya zama madugu baƙar fata na farko da ya ci wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl.

LITTATTAFAN DA ABIN DA YA JI

Na farko shi ne Friday Night Lights na H. G. Bissinger, wanda ya fito a 1990. Marubucin ya zauna a garin Odessa na Jihar Texas ya bi kakar wasa ta 1988 ta makarantar sakandaren Permian. Abin da ya fara ba ɗalibin mamaki shi ne jin cewa an gina wa yaran sakandare fili mai cin mutum kusan 19,000. Amma abin da ya tsaya masa a rai labarin Boobie Miles ne, yaro baƙar fata wanda gari ya ɗauka kamar zinariya, ana ɗaga masa ƙafa a aji don kada ya rasa wasa. Da ya yi targaɗe mai tsanani a gwiwa kafin a fara kakar, sai masu yi masa kirari suka juya masa baya, wasu har da kalaman ƙasƙanci. Ɗalibin ya rubuta cewa haka ake yi wa san noma: muddin yana jan garma ana ba shi dusa, ran da ya karye sai a nemi mahauci.

Na biyu shi ne The Blind Side na Michael Lewis, na 2006, labarin Michael Oher, yaro marar galihu a birnin Memphis wanda wasu attajirai farar fata suka ɗauka suka riƙe, ya shiga Jami'ar Mississippi, ƙungiyar Baltimore Ravens ta ɗauke shi a 2009. Da farko ɗalibin ya ji daɗin labarin ƙwarai, domin ya san riƙo, ya kuma san alherin ubangida ga yaronsa. Da ya ƙara bincike sai ya tarar cewa a watan Agusta 2023 Oher ya kai ƙara kotu a Jihar Tennessee, yana cewa takardar da ya sa wa hannu yana saurayi ta waliccin al'amuransa ce, alhali shi ya ɗauka an mai da shi ɗa ne. Iyalin sun musanta cewa sun cuce shi, kotu kuma ta soke waliccin a watan Satumba na shekarar. Darasin da ya ɗauka shi ne cewa an daɗe ana ba da labarin yaron da bakin masu riƙonsa, kuma in ana son sanin nauyin kaya sai a tambayi wanda ya ɗauka.

Na uku shi ne Forty Million Dollar Slaves na William Rhoden, na 2006, watau bayi masu dala miliyan arba'in. Sunan kansa ya fusata ɗalibin, ya ce ina bauta ga mai irin wannan dukiya, alhali manomin shinkafa a fadamar Kwara bai ga kwatankwacinta ba ko a mafarki. Amma hujjar marubucin ta ci ƙarfinsa. A sukuwar Kentucky Derby ta farko, a 1875, mahaya 13 daga cikin 15 baƙar fata ne, Isaac Murphy kuma ya ci tseren sau uku. Da sana'ar ta yi kuɗi sai aka ture su gefe ɗaya. Nufin Rhoden shi ne mai wasa daban, mai mallakar wasa daban. Har zuwa 2024 fiye da rabin 'yan wasan NFL baƙar fata ne, amma cikin ƙungiyoyi 32 babu guda wadda baƙar fata ke riƙe da mafi yawan jarinta. Colin Kaepernick kuwa, da ya riƙa durƙusawa yayin taken ƙasa a 2016 don nuna ɓacin rai kan kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata, bai sake samun ƙungiya ba bayan wannan kaka.

Na huɗu shi ne Concussion na Jeanne Marie Laskas, na 2015, a kan Dokta Bennet Omalu, ɗan Nijeriya daga Jihar Anambra. A 2002, a birnin Pittsburgh, ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, ya gano lalacewar da yawan gware ke haddasawa, ya buga sakamakon a 2005, likitocin NFL suka nemi a janye shi. Daga baya an yi sulhu a kan biyan diyya ga tsofaffin 'yan wasa. Sai kuma ta bayyana cewa ma'aunin da ake gwada su da shi ya ɗauka tun farko cewa fahimtar baƙar fata ba ta kai ta farar fata ba, saboda haka ya fi wuya baƙi ya nuna ya sami tawaya. Sai a 2021 NFL ta amince ta bar wannan ma'auni.

KOMOWA GIDA

A nan ne ɗalibin ya yi alfahari. Ya rubuta cewa wannan cuta ta Turawa ce, ƙasar Hausa ba ta san ta ba. Yana da ɗan abin kafa hujja, domin tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'rajus Su'udi yana bayyana cewa baƙin launi ba dalilin bautarwa ba ne, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin waɗanda bai halatta a bautar ba.

Amma laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Da ya je hutu lokacin kaka ya tsaya a filin dambe, sai littattafan suka riƙa dawo masa. Dambe a al'adance wasan mahauta ne, kokawa kuwa ta fi yawa ga manoma. Jama'a na tafa wa ɗan dambe in ya yi kisa, ana yi masa kari, makaɗa irin su Ɗan Anace sun sa sunan Shago ya game ƙasa. To amma gida nawa ne na sarauta ko na malanta zai ba ɗan mahauci 'yarsa ba tare da gardama ba? M. G. Smith ya yi bayani tun a 1959 yadda Hausawa ke jera sana'o'i hawa-hawa, sarauta a sama, fawa da kiɗa da roƙo a ƙasa, kuma mutum kan gaji matsayinsa kamar yadda yake gadon gona. Ashe ana iya yi wa mutum kirari da rana, a tuna masa asalinsa da dare.

Bugu da ƙari, ya tuna cewa bauta ba a Amurka kaɗai aka yi ta ba. Daular Sakkwato tana da rinji da cucanawa da murgu. Lugard ya yi shela a 1901 cewa 'ya'yan da za a haifa daga wannan shekara 'ya'ya ne, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai a 1936. A ƙetaren iyaka, a arewacin Benin, akwai jama'ar Gando, waɗanda aka daɗe ana jingina asalinsu ga bauta. Kuma ta Illo fataken goro ke ƙetare Kwara su bi ta Bargu zuwa Gwanja. A kan wannan hanya garin Jugu yake, mahaifar Mahommah Baquaqua, wanda uwarsa Bakatsina ce. An sayar da shi zuwa Brazil wajen 1845, ya tsere a New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. Watau cikin kakannin baƙar fatar nahiyar Amurka akwai maƙwabtan kakannin ɗalibin, kuma ba Bature ne ya fara ɗaure wasunsu ba.

Duk da haka, dole a yi hattara da kwatance. Wariyar Amurka doka ce ta tsaya mata har zuwa 1964, kuma launi abu ne da ba ya ɓoyuwa. Ɗan mahauci kuwa yana iya yin ilmi ko dukiya, ko ya sake gari, asalin ya dushe, kuma sahun salla ɗaya yake tsayawa da basarake. Abin da ya haɗa su shi ne ɗabi'ar cin moriyar jikin mutum ba tare da girmama mutumin ba.

ABIN DA YA RAGE A YI

Wannan magana ta wuce ta aji. Christian Okoye na Inugu ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL a 1989, kuma a 2022 ƙungiyar ta buɗe sansanin neman matasan Afirka a Ghana. Dambe kansa ya shiga talabijin da intanet, kuɗi sun shigo. Saboda haka tambayoyin ɗalibin suna nan daram: wa ke mallakar filin, wa ke duba kan ɗan damben da ya sha naushi shekara da shekaru, kuma wa ke ciyar da iyalinsa in hannu ya mutu?

Abu uku ya kamata a duba. Na ɗaya, hukumomin wasanni na jihohi su wajabta likita a kowane gidan dambe, a kuma ware wani kaso na kuɗin ƙofa don waɗanda suka nakasa. Na biyu, sassan tarihi da na Hausa su tura ɗalibai su ɗauki tarihin 'yan dambe da 'yan kokawa daga bakinsu, tun daga bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934, har zuwa kokawar Takobin Ƙasa ta Nijar da aka soma a Tawa a 1975. Amurkawa, duk da aibinsu, sun rubuta laifin kansu, shi ya sa ma aka karanta shi. Na uku, iyaye da malamai su daina gorin asali, tun da aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta sanya taƙawa ita ce ma'aunin fifiko.

KAMMALAWA

Ɗalibin ya rufe rubutunsa da cewa an aike shi leƙen gidan maƙwabci, sai ya hango tsagewar katangar gidansu. Wannan shi ne amfanin karatun tarihin wasu al'ummu, kuma shi ne aikin jami'a. Har ya roƙi a ba shi izini ya yi kundin digirinsa a kan 'yan damben ƙasar Zagga da Illo da Ka'oje, tun tsofaffinsu na da rai. In an sami goma irinsa, to za a wayi gari ɗalibi a Texas shi ma ya karanta littafin da aka rubuta a bakin Kwara.

Allah ya sa a dace. Wassalamu alaikum.