Kuskuren Alƙalami a Takardar Tara: Yana Soke Laifi?

 

Akwai wata magana da ke yawo a tashoshinmu, wai idan jami'i ya kuskure harafi ɗaya a takardar tara, shi ke nan takarda ta mutu. Ina so mu auna maganar nan da abin da doka ta tanada, domin direbobi da yawa sun dogara da ita ta kashe su.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana aiki ne da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012. Takardar da jami'inta yake ba ka sanarwar zargi ce, ba hukunci ba ce. Kana iya biya, kana kuma iya cewa ba ka yarda ba, a tafi gaban majistare ko kotun tafi-da-gidanka. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce kai marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma dole a bayyana maka abin da ake tuhumarka da shi dalla-dalla, cikin harshen da kake ji.

To ina matsayin kuskure? Tun a dokar shari'ar laifuffuka ta Arewa ta 1960, sashe na 206, aka kafa ma'auni, kuma dokar tarayya ta 2015 ta maimaita shi a sashe na 220: kuskure a cikin tuhuma ba ya ɓata ta sai idan ya ruɗar da wanda ake tuhuma. Alƙali ma yana da ikon gyara tuhumar kafin ya yanke hukunci.

Mu a nan bakin iyaka, a Sabon Birni da Isa, wannan ya shafe mu ƙwarai. Direban da ya taso daga Maraɗi lasisinsa na ɗauke da Mahamadou ko Issoufou, irin rubutun Faransanci, jami'i kuwa ya rubuta Muhammadu ko Yusufu. Wannan ba zai kuɓutar da kowa ba, tunda kai aka tsayar, motarka ce, ka kuma san dalili.

Amma akwai kuskuren da ke taɓa tushen zargi. An rubuta lambar motar da ba taka ba. An sa ranar da kake kwance a asibiti, ko an ce a hanyar Goronyo aka kama ka alhali kana kan hanyar Shinkafi. Ko kuma laifinka rashin ɗaura bel, wanda tararsa a jadawalin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi naira 2,000 ce, sai aka rubuta maka lodi fiye da kima, mai naira 10,000. Irin wannan shi ne abin kai wa gaban alƙali, da shaidu da takardun mota.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku karanta takarda kafin ku bar wurin. Wanda bai iya boko ba ya sa a karanta masa. Ku ɗauki hotonta da waya. Kada ku yage ta, kada ku yi biris da ita. Kada kuma ku miƙa kuɗi a hannu: tarar hukumar a asusun gwamnati ake biyanta, a karɓi rasit. Na san halin tsaro yana sa kowa gaggawar isa gida kafin magariba, amma kuɗin da aka bayar a gefen titi ba shi da shaida, ba shi da ɗaukaka ƙara.

Ku kuma jami'ai, rubutunku amana ne. Lamba ɗaya da kuka kuskure tana iya jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba asarar yini da cinikin kasuwa.

Allah Ya tsare hanyoyinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir.