Kada Yaranmu Su Tsare Mashigin Kogi

Karatu: Littafin Mahukunta 12:1-6; 2 Sama'ila 9:1-13

   Yau maganarmu a kan yaranmu ce, musamman ƙanana waɗanda ba su wuce shekara bakwai ba.

Wata Lahadi na leƙa ajin yara a wata ikkilisiya da na taɓa yi wa hidima. Akwai wata baƙuwar yarinya mai shekara shida, wadda iyayenta suka baro ƙauyensu saboda rikici. Malama ta ce ta tashi ta faɗi ayar haddacewa. Ta tashi ta faɗa, amma yarensu ya rinjayi Hausarta. Yara suka fashe da dariya, wani ma ya kira ta da sunan da ake yi wa ƙabilarsu ba'a da shi. Lahadi ta gaba ba ta zo ba. Da na tambayi yaron inda ya ji sunan nan, sai ya ce, "Baba ne yake faɗa." Ga shi kuwa dukanmu a ɗakin nan, Hausa ba harshen kakanninmu ba ne. Aro muka yi, muke kuma yi wa mai aro dariya.

Wannan ya tuna mini da labarin da muka karanta. A zamanin Yefta, mutanen Gileyad suka yi yaƙi da mutanen Ifraimu, suka tsare mashigin Kogin Urdun. Duk wanda ya zo hayewa, sai su sa shi ya faɗi kalmar Shibbolet. Mutumin Ifraimu ba ya iya furta ta daidai, Sibbolet yake cewa. A kan wannan ɗan bambanci ake gane shi a kashe shi. Mutanen Ifraimu 42,000 ne suka mutu. Ku lura, 'yan'uwa, su duka zuriyar Yakubu ne, Allahnsu ɗaya.

Mu ma mun san irin wannan. Waɗanda suka ga rikicin Jos na shekarar 2001 ba su manta da yadda ake tare mutum a hanya a tambayi addininsa ba. Masu tare hanyar nan, dā can yara ne a gaban iyayensu. Ba a haifi kowa da ƙiyayya ba. A bakin murhu ake koyonta, ko a gindin bishiya inda manya suke hira, yara suna kasa kunne.

Allah bai ɗauki yawan harsunanmu laifi ba. A ranar Fentikos, cikin Ayyukan Manzanni sura 2, kowane baƙo a Urushalima ya ji bishara da harshen da aka haife shi a ciki. Najeriya tana da harsuna fiye da 500. Berom da Ngas, Tarok da Jju, Bachama da Tangale, Allah yana jin addu'a da kowannensu. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ya kuma tara mu cikin sujada ɗaya, mun gode wa Allah. Amma abin da ya tara mu kada ya zama sandar dukan wanda bai iya shi sosai ba.

To, me za mu yi a gida?

Da fari, mu tsare bakinmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sunan ba'a da kake kiran wata ƙabila da shi cikin wasa, gobe ɗanka zai jefi wani da shi da gaske.

Na biyu, ki koya wa 'yarki yarenku, kada ta ji kunyarsa. Ki kuma koya mata gaisuwa da yaren maƙwabta. Yaron da ya san darajar harshen uwarsa zai girmama na wani.

Na uku, ku buɗe wuri a tabarma. Mefiboshet ɗan Jonatan yana da shekara biyar sa'ad da ya faɗi daga hannun mai renonsa, ya gurgunce. Shi jikan Saul ne, wanda ya nemi ran Dawuda. Duk da haka sarki Dawuda ya aika a kawo shi, ya ba shi wurin zama a teburinsa kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Bari yaranku su ga maraya, da gurgu, da ɗan maƙwabcinku Musulmi, da ɗan Bafulatana mai kawo nono, suna sa hannu a kwano ɗaya da su.

Na huɗu, idan yaro ya nuna zabiya ko kurma ya ce, "Mama, me ya same shi?" kada ki buge masa baki. Ki amsa a hankali, ki ce Allah ne ya halicce shi kamar yadda ya halicce mu, sa'an nan ku je tare ku gaishe shi.

Yarinyar nan kuwa ta komo. Uban yaron ne da kansa ya riƙe hannun ɗansa, suka je gidansu neman gafara. Lahadi ta gaba malama ta roƙe ta ta koya wa ajin yadda ake cewa "na gode" da yarensu. Wannan karon su ne harshensu ya karye, ita ce take gyara musu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗanka zai girma ya tsaya a wani mashigi wata rana. Abin da zai yi wa baƙon da ya zo hayewa, yau kake koya masa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana maganganun da muka shuka a kunnuwan yaranmu. Ka tsarkake bakinmu, ka sa gidajenmu su zama wurin da baƙo zai sami mazauni. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.