Tambari da Bututu a Layukan Kamfanonin Sadarwa



Abin da za mu tattauna a kai yau ƙarami ne a ido, amma yana iya tsai da aikin banki na wuni guda. A cikin shekarar 2001 ƙungiyar IETF ta fitar da ƙa'idar MPLS, wadda manyan kamfanonin sadarwa ke bi suna liƙa wa kowane ƙunshin saƙo tambari, wato lamba mai bit 20. Na'urorin tsakiyar hanya ba sa karanta adireshi. Tambari kaɗai suke dubawa, su musanya shi da wani, su miƙa gaba.

To, wa ke sanar da kowace na'ura tambarin da maƙwabciyarta ke jira? Akwai LDP, mai raba tambari bisa hanya mafi kusa, ba ruwansa da cunkoso. Akwai kuma RSVP-TE, mai bai wa injiniya damar shimfiɗa keɓaɓɓiyar hanya ta inda ya zaɓa. Ita ce za mu kira bututu.

A ce reshen wani banki a Kano yana aika saƙo zuwa hedkwatarsa a Legas. Ƙunshin yana ɗauke da tambari biyu: na waje shi ne guzurin hanya, na ciki kuwa shi ke nuna mai kaya, kuma na'urar Legas ce ta bayar da shi. Sai injiniya ya ja bututu daga Kano zuwa Abuja don kauce wa wani layi da ya cika. A Abuja bututu ya ƙare, tambarin waje ya tafi da shi. Na'urar Abuja ta tarar da na ciki, ba ita ta bayar ba, ba ta san shi ba, sai ta yar da ƙunshin. Abin takaici shi ne allon injiniya yana nuna bututu lafiya lau, alhali kuwa masu jiran kuɗi suna tsaye a layi.

Maganin shi ne a kunna LDP a kan bututun kansa. Da haka Kano da Abuja, ko da yake ba maƙwabta ba ne, za su gaisa kai tsaye ta ƙofa mai lamba 646, Abuja ta bayar da tambarin da zai kai ƙunshin Legas. A na'urorin Cisco, umarnin mpls ip ake rubutawa a bakin bututun, sa'an nan a umarci ɗaya ɓangaren ya amsa gaisuwar da ta zo masa daga nesa. Wannan na biyun shi aka fi mantawa da shi.

Yanzu tambari ya zama uku, kowanne bayit 4, jimla 12, don haka wajibi ne a duba ko layin zai ɗauki ƙunshi mai wannan girma. Da bututun ya zarce har na'urar Legas, da ba a bukaci duk wannan ba. A ganinmu, kada injiniya ya tashi daga kujera sai ya gwada aika saƙo daga ɓangaren mai kaya, ya ga ya isa.